Kiɗan da Ka Zuba Mini a Filashi

Mu'az,

Na tashe ka ka ƙi tashi, ni kuma na makara. Wallahi ka ba ni kunya jiya.

Cewa na yi ka zuba mini waƙoƙin rawa a filashi saboda kamun Lubna. Ka ce in bar maka, kana da zafafa na ƙasar waje waɗanda ko a rediyo ba a jin su, kowa sai ya tambaye ni inda na samo. To, an tambaye ni!

Ana kunnawa, Goggo Safiyyatu ta ɗaure gyale a ƙugu, ta ja ƙawayenta tsakiyar fili. Ka san ba sa taka rawa sai mawaƙi ya buɗe baki. Suka tsaya suna jira. Dum-dum-dum kawai, ba baiti, ba amshi, ba mai ambaton amarya. Aka sa na gaba, shi ma haka. Dangin ango suna ta ƙunshe dariya, har wata tsohuwa ta ce a duba janareta ko ya lalace. Lubna tana cikin lulluɓi amma ina jin hararar da take mini.

Filashin yana kan firij. Ka goge wannan kiɗan kwamfutar naka tas, ka zuba waƙoƙin da mutum ya rera da bakinsa, ka kai gidansu a Kagarawal kafin la'asar. Yau ne yinin biki.

Kuma da ƙafarka za ka je. Goggo ta tambayi wanda ya zaɓo, na faɗa mata. Tana jiranka.

Yayarka Iklima