Tankin da Ka Ɗora a Gidan Inna

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sassauta maka wahalar aiki da kewar gida, Ya kuma dawo mana da kai muna raye. Mu dai muna nan yadda ka san mu. Ƙafar Inna tana tashi tana kwanciya, amma bakin nan nata lafiya lau, ko jiya sai da ta wanke Auta tas don ya bar ƙofar gida a buɗe. Shi Autan yana nan yana fama da tuƙinsa. Maigidana ya warke sarai daga zazzaɓin da na gaya maka, yara sun koma makaranta, ni ma na koma ga allina da ciwon maƙogwarona.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Ka san duk lokacin da ka kira, Inna tana gefe, kunnenta a jikin wayar, maganar da ke tafe da ni kuwa ba ta tsaye ba ce. So nake ka karanta kai kaɗai, a zaune, ka gama jin haushina tukuna, sannan ka kira. Kwanaki ka tambaye ni laifin da ka yi wa 'yarka Lauya har ta daina buɗe kyamara idan kuna magana, kullum wai ta lalace, ko wai ɗakin da duhu. Har ka ce ko fushi take yi don ka daɗe ba ka zo ba. Yaya, kyamarar lafiyarta ƙalau. Ba fushi take da kai ba, fuskarta take ɓoye maka.

Abin ya fara ne da 'yan ƙuraje a goshi, irin na kowace yarinya mai shekarunta. Ni da nake ganin irinsu cike da aji kullum, ban ɗauke su a bakin komai ba. Amma Inna ta ce datti ne, wai yarinya ta yi tsawo kamar falwaya amma ba ta iya wanke fuska ba, kuma ba za a ce a hannunta 'yar marigayiya matarka ta zama ƙazama ba. Ta kafa mata doka: wanki da safe, wanki in ta dawo, wanki kafin ta kwanta, ko alwala ta yi sai ta koma ta ƙara da sabulu. Sabulun kuwa na wankin kaya, da soso mai kaushi irin na goge ƙafa. Lauya da ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, wadda kai da kanka ka laƙaba mata sunan don gardamarta, a nan ba ta yi musu ba ko sau ɗaya, domin ta yarda ita ce mai dattin. Tana wankewa suna ƙaruwa, suna ƙaruwa Inna tana cewa a ƙara wanki. Yanzu sun cinye kumatu da haɓa, sun gangara wuya da baya. Wasu sun yi tauri a ƙarƙashin fata kamar tsakuwa, wasu suna ruwa. Gefen bakinta ya bushe yana tsagewa, ko dariya ta yi sai jini ya tsatso. To ta ma daina dariyar.

A hutun da ya wuce ta zo wurina ta taya ni jinyar maigidana. Na ƙwace soson, na ba ta sabulu mai laushi, na ce safe da yamma kawai. Kafin hutu ya ƙare kumburin ya saɓe, jan ya ragu, har na ji ta a kicin tana gardama da babban ɗana a kan wanda ya fi wani ƙoƙari a lissafi. Na yi murna, na ce ashe soso ne mai laifi. Ta koma gidan Inna da sabuluna, ba soso, tana bin ƙa'idata a ɓoye. Ba a jima ba komai ya dawo, har ya fi da. Ka san halina, malamar kimiyya ba ta iya ganin abu ta ƙyale. Na zauna na ce sabulu ɗaya, hannu ɗaya, fuska ɗaya, to me ya sauya? Ruwa ne kaɗai.

Daga nan idona ya buɗe a kan abubuwan da nake wucewa kullum. Auta ya daɗe yana susar wuya da ƙeya, ya ɗora wa masu aski laifi har ya gama zagaye na unguwar, yana zargin kowannensu da rashin tsabta. Hannuwan Inna sun faffashe, ta ce tsufa ne, wai mu jira namu yana zuwa. Cikin butar shayinta ya yi farin ɓawo kamar an shafa siminti. Na ɗebi ruwan gidan a kwalba, na ɗebi na gidana a wata, na ɗiga sabulu daidai wa daida na girgiza, irin yadda nake nuna wa ɗalibai. Nawa ya yi kumfa har wuya. Na gidan Inna ya yi fari-fari kamar tsinkakkiyar madara, wani abu dusa-dusa yana yawo a sama. Wannan dusar ita ke zama a fata bayan an ɗauraye.

Sai na sa Auta ya riƙe mini tsani na hau wurin tankin. Yaya, na san abin da tankin nan yake a wurinka. Na tuna ranar da ka kawo shi daga wurin masu sayar da tsofaffin kayan masana'anta, ka wuni a cikinsa kana wankewa, ka fito jiƙe sharkaf kana cewa Inna ta gama jiran masu tura ruwa har abada. Na tuna Lauya tana ƙasa tana miƙa maka sufana tana gyara maka lissafin tsawon bututu. Shi ne aikin ƙarshe da ka yi da hannunka kafin ka tafi. Amma rana ta fasa murfinsa, ƙura da ƙwari suna shiga yadda suka ga dama. Saman ruwan yana wani ƙyalli mai launi-launi kamar inda mota ta zubar da mai. Na shafa bangon ciki, hannuna ya fito da santsi, da wari irin na garejin kanikawa.

Na kai ruwan ɗakin gwaji. Matar da ta duba ta ce ruwan burtsatsen da ke cika tankin shi kansa yana da zartsi, shi ya sa sabulu ba ya kama shi, ga ƙwayoyin cuta da suka shiga ta murfin. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne alamar wani maiƙo da take zaton ragowar abin da aka taɓa ajiyewa ne a tankin, ya shige jikin robar yana tsatsowa a hankali. Ta ce irin wannan wanki ba ya fitar da shi, ko wa ya wanke. Ina so ka sake karanta wannan layin: ko wa ya wanke. Ta ce kada a sha, kada a yi wanka da shi.

Likitar fata da na kai Lauya wurinta ba ta ɗora wa ruwa laifin duka ba, ni ma ba zan ɗora ba. Ta ce ƙurajen balaga suna da nasu dalili a cikin jiki, da ko a ina take za ta iya yin su. Amma fata tana da wani siririn maiƙo nata da ke tsare ta, kamar fenti a jikin ƙarfe. Sabulu mai ƙarfi da dirza sun kankare shi, sannan aka riƙa zuba wannan ruwa a kan buɗaɗɗiyar fata sau da yawa a yini. Abin da zai zo ya wuce shi ya zama gyambo. Ta rubuta magani, ta ce amfaninsa kaɗan ne muddin ana komawa ruwan. Da Lauya ta fita, likitar ta rage murya ta ce mini wasu ramukan kumatun sun riga sun zauna, abin da ya rage shi ne a ceci sauran fuskar.

Ba fatar ce kaɗai ke lalacewa ba. Ka san Lauya ce kan gaba a ƙungiyar muhawara ta makarantarmu, kuma ni ke horar da su. Ranar gwaji na ƙarshe kafin gasa, ta miƙe a gaban ɗalibai ta fara magana yadda ka san ta, ɗakin ya yi tsit. Sai wani ƙurji a haɓarta ya fashe, jini ya ɗiga a farin hijabinta. Wata daga baya ta ce wai a kira 'yan gyaran titi, ramuka sun yi yawa. Aka kwashe da dariya. Na hukunta mai maganar, amma me hukunci zai mayar? Lauya ta tsaya a tsakiyar jimla, ta naɗe takardarta, ta fita a hankali. Tun ranar ba ta sake taka makaranta ba. Jarrabawar fita tana matsowa, kujerarta tana gabana kullum ba kowa. Ina kai mata darasi gida, tana karɓa ta gode, in dawo in tarar da littafin inda na bar shi. Ta juya madubin ɗakinta yana kallon bango.

Na kai wa Inna maganar da duk ladabin da na iya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce wai boko ya hau mini kai, ruwan da ɗanta ya sha wahala ya kawo mata har cikin ɗaki shi ne yau ya zama guba? Wai ita da take sha kullum ga ta nan daram, in mutuwa ce ai da ta riga mu. Na fara aiko da ruwa mai kyau a jarka don Lauya. Na zo na tarar ta sa an yayyafa tsakar gida da shi, wai ruwan 'yan gayu ne, ya fi dacewa da kwantar da ƙura. Auta ya ce zai cire bututun, ta nuna shi da yatsa ta ce duk wanda ya taɓa tankin nan ba ta yafe ba. Ka san Auta, tun ranar ko inuwar tankin ba ya bi. Na roƙa a ba ni yarinyar ta zauna wurina, ta ce amana ka ba ta hannu da hannu, ba za ka dawo ka tarar ta rarraba maka 'ya'ya ba. Ban ga laifinta sosai ba. Da safe takan zauna ta fuskanci tankin da carbinta, ina jin kai take gani.

Abin da ya karya mini zuciya shi ne ita Lauyar. Na zaci za ta goyi bayana, sai ta roƙe ni kada in gaya maka. Ta ce Babanta yana can yana aikin da ba ya gaya wa kowa wahalarsa, abu ɗaya da yake alfahari da shi duk kiran waya shi ne ya tambaya ko tanki yana cika. Wai in aka sauke shi, an ce masa ke nan shi ya ɓata mata fuska, ita kuwa gara ta zauna a haka. Ta faɗi wannan da hujja ɗaya bayan ɗaya, kamar tana gaban alƙalan gasa. Rabon da in ji ta yi doguwar magana irin wannan tun ranar da ta bar makaranta, kuma a kan cutar kanta ta yi ta. Ban yi mata alkawari ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma babu mai iya yin sa sai kai. Ka kira Inna, ka ce mata kai da bakinka kana so a sauke tankin nan a fasa shi, kada wani ya ɗauka ya sa a gidansa. Kada ka ce ni na ce, ka ce ra'ayinka ne. Sabon tanki mai murfi da matatar ruwa, ni da maigidana da Auta mun gama magana, wannan ba damuwarka ba ce. Kafin a haɗa, ka ce ka yarda Lauya ta dawo wurina har ta gama jarrabawa. Muryarka kaɗai muke nema, kuma kada ka jinkirta, domin kowane wankin fuska a gidan nan ƙari ne a kan abin da ba zai goge ba.

Roƙo na biyu ya fi wuya. In ka gama da Inna, ka ce a ba ka 'yarka, ka ce ta buɗe kyamara. Za ta kawo dalilai, ka san ta, kada ka karɓi ko ɗaya. Idan ta buɗe, Yaya, ba fuskar da ka bari za ka gani ba. Don Allah kada ka yi salati, kada ka kau da kai, kada ka tambaye ta me ya same ta, kuma kada ka ba ta haƙuri a kan tankin, in ka yi haka ita za ta koma lallashinka. Idonta zai kasance a kan naka, tana neman abin da ta gani a idon 'yan ajinsu. Ka kalle ta sosai, ka kira ta Lauya, ka ja ta da gardama a kan kowace irin magana, har sai ta ce maka ba haka ba ne.

Inna tana gaishe ka, ko da yake ba ta san na rubuto ba. Auta yana gaisuwa, ya ce in gaya maka sufana tana hannunsa, kira kawai yake jira. Maigidana da yara suna gaishe ka da kyau. Ka gaishe mana da Kawu da iyalinsa in kun haɗu, da abokin ɗakinka da ya yi jinyarka bara. Allah Ya tsare mana kai, Ya ba ka ƙarfin zuciyar kallon abin da za ka kalla.

Wassalam. Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Malama