Kafaɗata Tsakanin Inna da Baba

Daren Talata, cikin watan Rajab

Yau na ɗaura ɗankwali da kaina! Rabona da ɗaga hannun dama haka tun da na faɗo daga sabon babur ɗin Yaya Bello bara.

To, wa zan gode wa? Mai ɗori na Ƙofar Atiku ya ce a ɗaure kafaɗar, kar ta motsa. Likita ya ce in riƙa bin bango da yatsu ina yin sama, ko da zafi. Kunyar kowa nake ji, sai nake yin duka: Inna ta ɗaure da safe, in kwance ɗaurin a ɓoye in bi bango.

Inna ta ce, "Wanga aikin ɗori na! Gobe wanzami shi yi miki ƙaho, a ƙarasa." Baba ya ce, "Aikin likita dai." Shi bai san ana ɗaurewa ba, ita ba ta san ina kwancewa ba.

A littattafan soyayyata babu budurwa mai tabon ƙaho. In na faɗi gaskiya, Inna za ta ji ciwo. In na yi shiru, gobe ni zan sha aska.

Ga kafaɗar tana zogi ma. Ban san ko ɗauri take so ko bango ba.