Kun Rataya Mini Leda a Bangon Gidana

Zuwa ga Shugaban cibiyar da ta kawo mai zanen bango unguwarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da matsayinka, ni ce mai gidan da ke kallon tsohuwar bagaruwa a tsohon gari.

Na ɗaya. Mai zanenku ya roƙe ni aron bangona, wai zai zana itacen nan don a ji tausayinsa. Na yarda, har shayi na aika masa. Da ya gama sai ga itace ya yi 'ya'ya da baƙar leda, ga mace a gindinsa ta rungumo kayan kanti tana dariya. Fuskata ce, har da wushiryata. Ni da na bar koyarwa a makarantar lakwal na koma saƙar kwanduna da kabar goriba, ina bin matan kasuwa ina roƙonsu su bar leda. Yau suna ganina sai su ce ga Uwar Leda nan.

Na biyu. Bangon laka numfashi yake yi, kowane magini a Agadas ya san haka. Fentinku ya toshe shi, ruwan damina ya kwanta a ciki, yanzu yaɓen ɗakin da mahaifiyata ke kwana yana zubowa.

Na uku. Kun buga zanen a takarda kuna sayar wa baƙi. Ƙanwata ta kawo mini guda. A cikin leda kuka naɗe shi, Shugaba.

Gwangwanayen fentin da mai zanenku ya watsar a gindin itacen kuwa na tsince su kaf, suna cikin buhu.

Abin da nake nema: ku daina sayar da fuskata, ku zo kasuwa da bakinku ku gaya wa matan nan abin da nake saƙawa.

Na ji za ku kawo manyan baƙi su ɗauki hoton bangon. Ku kawo su. Na riga na kira magini, an jiƙa laka. Za su tarar da bango sumul, ga gwangwanayenku rataye a bagaruwa, kowanne da sunan cibiyarku. Ni kuma ina zaune a gindinta zan yi musu bayani da faransanci, kada wani ya rage mini magana wajen fassara.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ka ga ranar da idonka.

Wassalam.

Mai saƙar kaba,
Tsohon gari, Agadas