Addu'ar da Inna Ta Ƙi Shafawa

Daga Shugaban Ƙasar Amurka, zuwa ga Malam Habu ɗan Roni, mai tuƙa tasi a ƙasarmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, yaya jiki, yaya sanyi, yaya matarka Anti Binta da jaririyar da har yau kakarta ba ta goya ba?

Labari ya iso fadarmu cewa ranar Juma'a an yi addu'a a gidanku. Rediyo ta ce ana koro mutane daga Amurka, hankalin Baba ya tashi. Ya tara malamai yana ta mita, wai ƙasar da ta taɓa hana baƙar fata zama kusa da Bature a mota, ta zo ta ba baƙar fata mulki, yau kuma ta koma kora.

Liman ya ce, "Allah ya sa kada a koro mana Habu." Kowa ya shafa, ban da Inna. Gwaggo ta zungure ta: "Haba Rabi, ba ki ce amin ba!" Inna, da ko sunanka ba ta kamawa don kunyar ɗan fari, ta ce, "Shekara tara rabona da shi. In kora ce za ta kawo min shi, su koro shi."

Don haka mun umarce ka, ka je gida kafin azumi, da ƙafarka. Ka gaida iyali, ka sa mu a addu'a.

To Yaya, ƙarya ta ƙare. Sabi'u ne, autanku. Wallahi ni ma ban shafa ba.