Ku Ƙirga da Hannun Sale

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyarmu ta mahauta da fataken shanu, da dattawan kwamiti, a Sokode.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, Baba Alhaji, ni ne Garba, yaronka da ka koya wa fiɗa a unguwar Zango kafin neman abinci ya kai ni Dapaong, can arewa. Ban taɓa ɗaga murya a gabanka ba. Tsoro ne ya sa na rubuta wannan a bainar jama'a.

Na farko. Mun ji cewa bayan Sallah za ku tafi Lome ku gana da 'yan majalisa kan dokar cinikin dabbobi, kuma har kun jera buƙatunmu. Ɗakin sanyi na ajiye nama ne a sama, sai rage kuɗin kasuwa, sai gyaran mayanka. Katin shaidar sana'a, wanda mu na arewa muke roƙon doka ta amince da shi, yana can ƙasa. Na taɓa riƙe maka jaka a irin wannan tafiya, na san yadda take. Gaisuwa ta cinye rabin lokacin, a karanta na farko da na biyu, sai ɗan majalisa ya dubi agogo. Abin da ke ƙasa a mota yake dawowa gida.

Na biyu. An ce ba son kai aka yi ba, hannu aka ɗaga aka ƙirga. Gaskiya ne. Amma a Sokode aka ƙirga. Mutanen unguwannin Zango da Komah da ƙafa suka zo, na garin Tchamba suka hau babur. Mu kuwa shingen masu tsaro ne bayan shinge tsakaninmu da ku. 'Yan kaɗan ɗinmu da suka iso duk yaranku ne, kuma wane yaro ne zai ɗaga hannu alhali na ubangidansa yana kan cinya?

Na uku, kuma shi ne ciwon. Ƙanena Sale muka zaɓa ya yi magana da bakinmu a taron. Ana gab da tafiyarsa ya je kasuwar wani ƙauye kusa da iyaka sayen bijimi. Masu tsaro suka tare shi a hanya, suka ga babur da igiya da wuƙaƙe a jaka. Ya nuna katin ƙungiya, suka ce ba su san shi ba, kowa na iya bugawa. Ban ga laifinsu ba, su ma ransu a hannu yake, kowa ya san abin da 'yan bindiga ke yi a dajin nan. Amma har yau Sale yana tsare ana bincike. Innarmu, maƙwabciyarka, mun ce mata aiki ne ya riƙe shi. Na san wannan wasiƙa za ta kai kunnenta, kuma duk da haka na rubuta.

Yanzu ni nake zuwa wannan kasuwa, don in ban je ba gida biyu ba za su ɗora tukunya ba. Na daina ɗaukar wuƙa. Fuskata da sana'ata ne ban san inda zan ajiye ba. Matata kuma ba ta cin abinci sai ta ji ƙarar babur ɗina a ƙofa.

Ba mu ƙi ɗakin sanyi ba, Baba Alhaji, nama yana lalacewa a wurinmu ma. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina roƙo a mayar da katin sama, a fara da shi tun ɗan majalisa bai dubi agogo ba. A ba mutumin Dapaong kujera ɗaya a motar. Taro na gaba kuma ku zo arewa a yi, ku bi hanyar nan ku gani.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya sa ka gama lafiya, Ya raba 'ya'yanka da tsayuwa a shinge ba mai shaidarsu. In kun ce ƙirga ce ta yanke, to a sake ƙirgawa. Akwai hannu ɗaya da ya so ɗagawa ranar nan, amma a ɗaure yake.

Wassalam.
Garba mahauci, Dapaong.