Bencin Bakin Ƙofar Likita

Litinin, 7 ga Maris, 2016
Tun shekarar gubar dalma nake kai Hajara, matar ɗana, asibiti a Sakkwato, kuma kowane zuwa sabon yaro ne da farar riga. Wai koyo suke. Da ɗiyar mutane za a koya? Kowanne sai na faro mashi daga tushe: jikana Tasi'u da gubar ta ɗauke, ubanshi da ya bi ramukan zinari bai waiwayo ba. Su canza ƙwaya, su ce ciwon damuwa ne mai ƙin magani. Ita dai kai a ƙasa. Ta rame, abinci sai an matsa.

Alhamis, 10 ga Maris
Gidan shiru, Hajara ba ta ɗora tukunya ba. Tuwon maƙwabta na ci.

Litinin, 4 ga Afrilu
Yau yarinya ce, Likita Saratu, babbansu na gefe yana kallonta. Ta ce, "Baba, ɗiyarka ce?" Na ce surukata. "Wanda ya rasu ɗan fari ne?" Na ce shi ne. Ta dubi babban nasu, ta dube ni. "Don Allah ɗan jira mu waje."
Ni! Na ce wa zai ba ku amsa, ba ta magana. Ta ce, "Gabanka ne ba ta yi."
Na zauna bisa benci. Can sai kuka ta bayan ƙofa. Sunan yaron Hajara take kira, da bakinta. Ɗan fari! Ran da muka rufe shi ko hawaye ba ta yi ba, duk ƙauyenmu Yargalma aka yi ta yabon kunyarta.

Juma'a, 8 ga Afrilu
Rashin tarbiyya ne. Ba ni komawa.

Litinin, 2 ga Mayu
Mun koma. An ƙara mata wata ƙwaya bisa ta da. Bisa benci na jira su. Ba wanda ya kore ni, zafi ne ya yi yawa a ɗakin.

Talata, 24 ga Mayu
Sautin daka ya tashe ni. Na ɗauka daga maƙwabta ne. Da hantsi Hajara ta durƙusa bakin zaure, "Baba, ga fura." Ta yi tsami. Na shanye.
To, ita ta sami mai tambayarta. Ni kuwa yaron nan bisa cinyata ya cika, kuma duk masu farar rigar nan babu wanda ya taɓa ce mani, Baba, kana barci?
Zuwa na gaba zan tare yarinyar nan Saratu a ƙofa. Uwa an buɗe mata baki, kakan fa, wane ɗaki ake kai shi? In ba ta sani ba, ta tambayi babban nata. Ba ni tashi sai an amsa mani.