Injin Tsotse Danshi Ba Talabijin Ba Ne

Zuwa ga Kawu Alhaji, shugaban 'yan kasuwarmu masu haɗakar sito a Beltsville, jihar Maryland.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Kawu da iyali kuna lafiya, ni ce Hauwa'u, 'yar Malam Sani mai kofi. Kawu ya san ni, ko gaisuwa ƙasa-ƙasa nake yi, shi ya sa na rubuto. Zan kafe kwafi a jikin ƙofar sito, tunda a bainar jama'a aka yi maganar.

Na farko, albishir. Mai sayenmu, wani mai gasa kofi a garin Alexandria nan kusa, ya karɓi kayan Baba duka. Alhamdulillahi. Da Baba ya ajiye waya sai na zauna a kan buhu.

Na biyu. Ɗanyen kofin nan daga Mambila ya zo, kuma shi ne kayan Baba na farko tun da ya bar tuƙin tasi. Mai saye ya ce in danshinsa ya wuce kashi sha biyu cikin ɗari ba ya so, don fumfuna yake yi, ƙamshin ya mutu. Ni nake aunawa kullum bayan makaranta: in ɗebi ƙwayoyi, in zuba a na'ura, in rubuta. A Yuni sha ɗaya nake gani. Tsakiyar Yuli sai ga sha uku.

Na uku, wanda ya fi min ciwo. A taron Lahadi, da aka yi maganar hauhawar danshin, Kawu ya ce yarinyar da hancinta ke cikin littafin soyayya ba za ta iya karanta lamba ba. Aka yi dariya. E, ina karantawa, wani lokacin ma a bayan buhunan. Amma ba na haɗa su da awo. Baba ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza, yadda kakana ke yi. Ba ta fashe ba, lotsawa ta yi, alamar danshi.

Na huɗu. Da na duba takarduna sai na ga kowace Litinin lambar ke tsalle. Ranar Juma'a na tsaya har aka tashi. Sai ga Malam Idi mai riƙe makulli yana bin bango yana zare filogi ɗaya bayan ɗaya, har da na injin tsotse danshi. Kwana biyu cur kofi na shan iskar Maryland, wadda a Yuli riga ma jiƙa ta take yi. Muka ɗora buhunan a kan katako, muka janye su daga bango, inji ya yi ta aiki ba tsayawa. A hankali lambar ta sauko sha ɗaya da rabi.

Roƙona uku ne. A rubuta a jikin injin, da Hausa da Turanci, cewa ba a kashe shi. A daina sauke buhun kowa a kan siminti. Sannan don Allah kada a yi wa Malam Idi faɗa. Haka aka koya masa tun a can ƙasarmu, kada wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona kaya. Mamata ma har yau sai ta zare filogin talabijin kafin mu fita.

Batun taro kuwa, ba na neman a ba ni haƙuri, Kawu babba ne. Ranar Lahadi mai zuwa a ce kawai lambar Hauwa'u daidai ce. Ni ba zan zo ba, kunya ba za ta bar ni ba, amma Baba zai ji.

Allah ya ƙara wa Kawu lafiya da girma, ya sa albarka a kasuwar kowa.

Wassalam.

'Yarku, Hauwa'u.